Koma Marar Ƙulli

Shekarata arba'in da wani abu a kan ruwa, ban taɓa jin an ce a lallaɓa kifi ba sai a bakin ɗiyata Bushra. Sunana Arzika, mutumin Bakura, amma jirgina yana can bakin dam ɗin Bakolori ta ɓangaren Maradun, can nake sana'ata. Abin da na sani shi ne, in kifi ya zo kusa ka sa koma ka kwaso shi, ka watsa shi cikin jirgi, ka ba shi kulki a ka, ka karya ƙayoyin nan biyu na gefen wuyansa kada ya soke ka. Haka ubana ya yi, haka na tarar ana yi.

Bushra ita ce autata. Ta yi karatun kiwon kifi, ta dawo da kai cike da bayani, ta roƙi yayana Nasidi ya ara mata gefen fadamarsa ta haƙa ramuka uku. So take ta riƙa ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi tana sayar wa masu kiwo. Yaya Nasidi ya ba ta, ba don ransa ya so ba, don dai kunyar idona. Sau biyu tana ƙyanƙyasa, sau biyu suna mutuwa kafin su yi sati. Ta ce iyayen da ta sayo ne ba su da ƙwari, an yi ta haɗa 'yan gida ɗaya har jinin ya lalace. Abin da take nema yanzu uwa ce daga dam, ramboshi, babbar yayar tarwaɗa ke nan, mai ciki cike da ƙwai, a kawo mata ita da rai kuma ba ko ƙwarzane.

Na ce wannan ai ba aiki ba ne. Kwana biyu tsakani na kamo mata ɗaya, ƙatuwa, na kwaso ta da komata ta zaren roba mai kaurin ƙulli, wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba. Gaskiya kafin in tuna da wa nake wa aiki, hannuna ya riga ya karya ƙaya ɗaya. Na ce to, ai saura ɗaya. Na kai ta Bakura ina taƙama.

A kwana na uku jikinta ya yi farin dabbare-dabbare, fiffikenta ya tsattsage kamar tsohon tsumma. A na huɗu ta juya ciki sama. Bushra ta ciro ta, ta kwantar a kan ciyawa, ta kira ni.

"Baba, zo ka duba."

Na duba. Idanun komata ne a zane a jikin kifin, layi-layi, kowane ƙulli da inda ya ci.

"Yauƙin nan da kake wankewa a hannunka shi ne rigarta," in ji ta. "In ƙulli ya kankare shi, cuta ta samu ƙofa. Komarka ta kamun wanda za a soya ce."

Wallahi raina ya ɓaci. Yarinyar da na goya a kafaɗa ita ce za ta koya mini koma? Na kaɗa rigata na tafi gida. Amma duk da fushin, na san abin da na gani da idona.

Ran Litinin Yaya Nasidi ya same mu a bakin ramukan. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, ya tambayi gajiya, ni kuwa na san ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

"Arzika, ruwa ya zauna," in ji shi. "Irin shinkafata ya kusa isa dashe. Ba Asabar mai zuwa ba, ta samanta, zan zo da masu shebur. In na tarar da 'ya'yan kifi da rai a wurin nan, na bar ramukan. In kuwa ruwa ne da kwaɗi, a cike su in dasa abina. Bushra, kin ji ni ko?"

"Na ji, Baffa," ta ce, kanta a ƙasa.

Ban ga laifinsa ba, ƙasarsa ce, kuma shekara biyu ya yi yana kallon ramuka ba amfani. Amma da na dubi yarinyar nan na ga yadda take murza bakin mayafinta, sai na ji kamar ni aka ba wa'adi. Kwana goma sha biyu ne, kuma ni na kashe mata uwar farko.

Washegari Talata muka shiga kasuwar Mafara, ni da ita, muka nufi rumfar Barau mai kayan kamun kifi. Barau abokina ne tun muna samari, kuma bakinsa ba ya ajiye magana. Da ya ji abin da ya kawo mu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato koma kuke so wadda ba za ta ɓata wa kifi rai ba? To ko matashin kai za a haɗa masa da shi?"

"Kai dai fito da abin da kake da shi," na ce. Dariyar ta yi mini zafi, don ni ma abin da ke raina ke nan.

Ya fito da su ya baje. Ni idona ya tafi kai tsaye kan wata kore mai kaurin zare, irin wadda ko ɗan maraƙi ka sa a ciki ba za ta tsinke ba. Na ɗaga ta na ce ga ta nan. Bushra ta leƙa wurin mai kayan miya da ke gefe, ta dawo da tumatir nunannu guda biyar a leda, ta roƙi Barau ruwa a buta. Ta jiƙa komar da na zaɓa, ta jefa tumatir ɗaya a ciki, ta girgiza sau uku kamar yadda kifi yake birgima. Da ta ciro shi, fatarsa ta saɓule wuri biyu, ruwa yana ɗiga.

"Wannan ita ce ramboshinmu, Baba."

Ta gwada ta biyu mai siririn zare, wannan ma yanka shi ta yi kamar reza. Barau ya daina dariya, ya gyara zama. Ya shiga ciki ya ɗauko wata 'yar gayu da aka kawo daga waje, mai mariƙin ƙarfe da ake naɗewa, ragarta ta roba ce mai laushi. Tumatir ya fito lafiya lau. Sai dai bakinta bai wuce faifai ba. Na ce wannan sai dai a kwashe ƙosai da ita, kan ramboshin da muke nema ma ba zai shiga ba. Bushra ta yarda da ni, karo na farko a wannan satin.

Wani da ke tsaye yana kallo ya ce a yi da gidan sauro mana. Ta ce a'a, bugu ɗaya kifin zai yi ya yage shi. Ta kuma bayyana mana cewa ido in ya yi faɗi, ƙayar kifin da gashin bakinsa za su shige su maƙale, yana fizga yana yi wa kansa rauni. So take ido ya zama ƙanana, zare mai laushi, kuma saƙa ce ba ƙulli ba.

Muka duba rumfar kaf ba mu samu ba. Saura tumatir biyu a leda, ni kuma har na fara huci. Barau ya miƙe zai mayar da kayansa, sai Bushra ta nuna abin da yake zaune a kai.

"Baba Barau, wancan fa?"

Wata baƙar raga ce a nannaɗe, duk ƙura. Ya ce shekara uku ke nan da aka haɗo masa ita cikin kaya, ba masuncin da ya taɓa ɗaga ta sau biyu, don idonta ƙanana ne, tana jan ruwa, shi ya sa ya mai da ita abin zama. Bushra ta warware ta, ta shafa ta a bayan hannunta, ta jiƙa, ta jefa tumatir ta girgiza har sau goma. Ta miƙa mini shi. Na jujjuya shi a rana ina neman aibu, ban samu ba.

"To Barau," na ce, "tashi ka nemi kujera."

Ran Laraba muka kai wa mai walda a Bakura ya lanƙwasa mana rodi. Na auna masa faɗin bakin da hannuwana biyu, Bushra ta ce a ƙara. Muka naɗe ƙarfen da tsohuwar robar tayar keke, kada kifin ya bugi ƙarfe tsirara. Mariƙi na sa gora mai tsawo. Ɗinkin ragar kuwa matata Ladi ce ta yi, ta auna zurfin da taɓaryarta, ta yi wa gindin faɗi don kifin ya kwanta a miƙe ba a naɗe ba. Ta gama tsaf, Bushra ta duba ta ce, "Inna, ɗinkin ya koma ta waje." Ladi ta harare ta, ta harare ni kamar ni na aike ta, ta farke ta sake.

Da na sauka bakin dam da abin nan a kafaɗa, masunta suka yi ta shewa. Wani ya ce Arzika zai yi tankaɗen ruwa. Wani ya ce a'a, jaririn kada zai goya. Na ce kowa ya ji da jirginsa. Suka ga Bushra ta shiga jirgi ta zauna, suka bar shewar, don sun san bakina.

Alhamis ba mu samu komai ba. Juma'a da safe muka kama namiji, ta ce tana da maza, muka sake shi ina ji ina gani, raina yana ƙuna. Asabar da hantsi muka koma gindin wasu duwatsu da na san ramboshi yana son kwanciya. Ƙugiyar ma Bushra ta sa na daddaƙe kunnenta da guduma don ta fita da sauƙi, ni kuwa na san ƙugiya marar kunne in ka sassauta igiya ko kaɗan kifi ya tafi.

Igiya ta yi nauyi kamar ta kama dutse. Sai dutsen ya motsa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ta ja mu da jirgin har mun bar inuwar duwatsun. Igiya ta ci tafin hannuna, na naɗe shi da hulata. In ta ja in ba ta, in ta tsaya in karɓa, ban bari igiyar ta yi sako-sako ba. Can ta taso ta juya a saman ruwa, muka ga cikin nan fari, a cike tam. Na ji Bushra tana salati a hankali.

"Karɓi igiya," na ce, "ba ni komar."

Nan na gane abin da masunta suka ƙi ta dominsa. Komata ta dā ina wurga ta ne cikin ruwa kamar cokali, in bi kifi ta wutsiya in kwaso. Wannan da na tura ta sai ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Na kai hari, kifin ya ga inuwa ya nutse, igiya ta kusa ƙwace wa Bushra.

"Kada ka bi ta, Baba. Nutsar da komar ka tsaya cik. Ni zan kawo miki ita," ta ce, ta rikice har tana ce mini miki. "Zan kawo maka ita ta kai."

Na nutsar da ita na riƙe gorar da hannu biyu, na tsaya. Ban taɓa jiran kifi ya zo da kansa ba, duk raina yana kan kai hari. Bushra ta jawo ta a hankali, a hankali, har kan ya shiga bakin komar, sai gangar jikin, sai wutsiya. Na ɗaga bakin sama da ruwa kaɗan. Ta yi birgima biyu, ta kwanta a miƙe a gindin ragar.

"Kada ka ɗaga ta. Bar ta a ruwan."

Na bar ta. Amma fa hannu ba ya jin magana. Ina riƙe da gora da hagu, sai na ga damana ya riga ya laluba ƙarƙashin wurin zama ya ɗauko kulki, har na ɗaga shi. Wallahi ban aike shi ba. Bushra ta zuba mini ido. Na dubi kulkin nan da ya fi ta shekaru, na san muddin yana cikin jirgin sai na yi ɓarna kafin mu kai gaɓa. Na wurga shi can tsakiyar ruwa, na zauna a kan hannuna.

Ita ta jiƙa hannuwanta, ta sunkuya ta zare ƙugiyar, ta fita sumul. Muka ɗaure gorar a gefen jirgi, kifin yana cikin ruwa cikin koma, na tuƙa da hannu ɗaya a hankali kamar mai ɗauke da mara lafiya. A gaɓa mijin Bushra yana jiranmu da a-kori-kura da ya aro, da rabin duro cike da ruwan dam. Mu uku muka ɗaga komar, daga ruwa zuwa ruwa, ba ta taɓa ƙasa ba. Masu shewar nan duk suka taru suna leƙe, ba wanda ya ƙara cewa tankaɗe.

Hanyar kuwa ba sai na faɗa muku ba. Kowane rami muka faɗa sai ruwa ya fantsamo mini a fuska, don ni na zauna a baya na rungume duron, na rufe bakinsa da jiƙaƙƙen buhu. Na yi ta dukan rufin mota ina ce wa surukina ya tafi sannu, har ya gaji da ba ni haƙuri. Sau biyu muka tsaya muka ƙara ruwa kafin Bakura.

Sai jira. Bushra ta ce sai ta huta kwana huɗu kafin a taɓa ta. Kwana na uku shi ne wanda na fi tsoro, don a ranar ce ta farkon ta fara yin fari. Tun da sassafe na je na tsuguna a bakin ramin. Bushra ta sa komar ta ɗago ta kaɗan, muka duba baya, muka duba ciki, muka duba fiffike. Baƙa wuluk, tana sheƙi, yauƙinta yana nan, ƙayoyinta biyu cif. Na sauke numfashi na ce alhamdu lillahi, ban san sau nawa ba.

Laraba da yamma ta yi mata allurar da ke nunar da ƙwai. Alhamis da safe ta naɗe ta da jiƙaƙƙen tawul, ni na riƙe kai, mijinta ya riƙe wutsiya, ta matsa cikin a hankali, ƙwai suka zubo cikin roba kamar gero. Ta haɗa su da ruwan namiji, ta baza su a kan raga cikin wani kwami mai ruwa yana gudana kaɗan-kaɗan a wata 'yar rumfa da ke gefen ramukan. Ta mai da uwar raminta, ta yi iyo ta tafi ƙasa abinta. Juma'a Bushra ta ce sun fara fashewa. Na leƙa ban ga komai ba, na dai yarda da ita.

Asabar da hantsi Yaya Nasidi ya iso da mutum huɗu, kowa da shebur a kafaɗa. Muka gaisa, ni dai bakina ne yake amsawa. Ya zagaya ramukan, ya ga ruwa. Bushra ta kai shi rumfar, ta nuna masa kwamin da ƙwan suke ciki. Ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Yaya Nasidi ya haura saba'in, idonsa ya yi rauni, ko allura ba ya gani a tabarma.

"Ni ban ga komai ba," in ji shi. "Ruwa ne."

Ɗaya daga cikin masu shebur har ya sauke nasa daga kafaɗa. Na buɗe baki zan fara faɗa, Bushra ta taɓa hannun rigata. Ta ɗauko kofin gilashi, ta ɗibi ruwan daga ƙasan kwamin, ta fito da shi waje, ta ɗaga shi saitin rana daidai fuskarsa.

"Baffa, dubi ƙasan kofin."

Ya matso da ido har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ni ma na leƙa ta bayan kafaɗarsa. Ga su nan, ƙanana kamar gutsuren zare, sun fi a ƙirga, kowanne yana kaɗa wutsiya ba hutu.

Can ya karɓi kofin da hannunsa biyu, ya ƙara ɗaga shi.

"Duk waɗannan masu rai ne?"

"Wannan kofi ɗaya ne, Baffa. Kwamin cike yake."

Na zauna a kan kunyar gona ban shirya ba. Daɗi na ji, irin wanda ban ji ba tun ranar da aka ce mini uwarta ta sauka lafiya. Bushra tana tsaye hawaye na bin kumatunta, ba ta ko share ba.

Yaya Nasidi ya miƙa mata kofin a hankali, ya ce ta mayar da su kada rana ta taɓa su. Ya dubi ramukan uku, ya dubi gonarsa, ya juya wurin masu shebur.

"Tunda kun zo, kada ku koma haka nan," in ji shi. "Ruwan ramukan nan ya yi ƙasa. Ku fasa kunyar gonata ta can, ku ja wa Bushra ruwa daga nawa."